Waɗanda suka rasa ɗan'uwa mai kaki a bakin aiki a ƙauye, yaya kuka yi?

Autan Hajiya

Assalamu alaikum. Yayana sufeton 'yan sanda ne, shi ke riƙe da wani ƙaramin caji ofis a yammacin Katsina, can inda dajin ya haɗe da na Zamfara. Ranar kasuwa ya rako motocin 'yan kasuwa, 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna a wata kwana. Shi da kofur ɗinsa ba su dawo ba.

An sha yi masa hanyar komawa birni yana ƙi. Hajiyarmu har fushi ta yi da shi. Amsarsa kullum ita ce wanda za a kawo sai ya shekara bai san wane ardo ke magana da wane dagaci ba. Kuma gaskiya aikinsa ke nan: sasanci idan shanu sun shiga gona da kaka, neman akuyar da aka sace, raba rigimar iyakar gona. Man babur ɗin sintiri sau da yawa daga albashinsa yake fita. Ranar sadakar uku mutanen ƙauyen suka zo a bayan akori-kura, wani tsoho ya ajiye kwaryar gero a gaban Hajiya, ya ce Sufeto ne ya hana a kai ɗansa gidan yari kan bashin taki.

Matarsa ta fita takaba, yara huɗu. Ku da kuka riga mu shiga wannan hali, yaya kuka yi da maganar haƙƙinsa? Ta ina ake farawa?

Maman Khalifa

Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Ni ƙanena ne, kurtu, bai daɗe da fitowa daga kwalejin 'yan sanda ta Kaduna ba. Abin da har gobe ban manta ba shi ne yadda labarin ya zo mana. Kafin ofis ya kira, hotonsa ya riga ya zaga WhatsApp. Ƙanwarmu ce ta gane shi da agogon hannunsa, tana zaune kusa da Inna. Don girman Allah, duk wanda hoto irin wannan ya faɗo wayarsa ya goge. Akwai uwa a can da ba a gaya mata ba tukuna.

Tsohon Saje

Ɗana, ka yi haƙuri. Na yi aikin nan har ritaya, kuma na binne wana da hannuna, shi ma mai kaki. Bari in gaya maka abin da zai amfane ka.

Kuɗin kashi biyu ne, kada a haɗe maka su. Akwai abin da ya taru a asusun fanshonsa, akwai kuma inshorar rai. Dokar fansho ta 2014 ta ce inshorar nan ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Ka fara da karɓar siginar da ofis ya aika ta sanar da rasuwarsa, da takardar shaidar mutuwa, da takardar izinin gado daga kotu. Ka yi kwafin kowacce da yawa, kada ka taɓa barin ta asali a teburin kowa. Namu fayil ya taɓa ɓata a wani ofis, kwafin da ke jakata ne ya cece mu.

Sai babban tarkon: sunan magajin da ya rubuta a fom ranar da aka ɗauke shi aiki. Yawancinmu muna samari muka cike, muka sa sunan uba ko wa, muka yi aure muka haihu ba mu koma mun canza ba. Wana sunan mahaifinmu ya sa, alhali mahaifin ya riga shi rasuwa. Wannan kaɗai ya ja mana dogon lokaci. Kuma ku sani, wanda sunansa ke fom wakili ne kawai. Kuɗin gado ne, a kai wa malami ko alƙali ya raba: tumuni ga matar tunda akwai 'ya'ya, sudusi ga Hajiya, saura na yara. Na ga gidajen da zumunci ya watse a kan wannan.

Bamaraɗiya

Mu a nan Nijar jandarma ne ke riƙe ƙauyuka. Yayana yana aiki a gefen iyaka, kudu da Maraɗi. Abokan aikinsa suka kawo mana hularsa da wani ƙaramin littafi. Mun zaci lissafin bashi ne, ashe sunayen matan ƙauyen ne masu ciki, waɗanda yake sa a ɗauka da motar aiki zuwa likita idan naƙuda ta zo da dare. Ba wanda ya san da wannan a gida. Shi da ko hira ba ya yi.

Ɗan Kasuwar Shanu

Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu da muke bin hanyoyin nan mun san masu kaki da ba su san komai ba sai shinge da miƙa hannu. Amma na kirkin ma mun san su, kuma su ne ke shiga motar gaba. Ƙanena ɗan sa-kai ne, ya rasu tun kafin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Babu fom, babu sigina, babu fansho. Mai gari ne ya haɗa wa matarsa buhu biyu na dawa.

Baƙo a Amurka

Allah ya ba ku haƙuri baki ɗaya. Ni ba ɗan'uwana ba ne, yayan wata abokiyar aikina ce, sherif, wato shugaban 'yan sanda, na wata gundumar manoma. A yawancin jihohin nan zaɓen sherif ake yi da ƙuri'a, galibi duk shekara huɗu, don haka ɗan gari ne, kowa ya san gidansu. Mota ce ta buge shi da dare yana taimakon wani da motarsa ta lalace a gefen titi.

Na je jana'izar. Motocin 'yan sanda daga gundumomin maƙwabta suka yi jerin gwano, manoma suka tsayar da taraktoci a bakin hanya suka cire huluna. Daga ƙarshe aka kira lambarsa a oba-oba, aka sake kira, shiru, sannan mai kiran ta sanar cewa ya sauka daga aiki. Ƙanwar ta ce min duk taron nan bai karya ta ba sai wannan shirun. A Washington akwai bango da aka buɗe a 1991, ana sassaƙa sunayen jami'an da suka mutu a bakin aiki, duk shekara ana ƙara sababbi. Ranar 15 ga Mayu kuwa tun 1962, zamanin Kennedy, aka ware musu ita. Na ji an fara Ranar 'Yan Sanda a gida Najeriya, 7 ga Afrilu, a 2025. Ina ma a riƙa karanto sunaye a ranar, har da na kurata.

Maman Khalifa

Karanto suna yana da kyau, amma marayu kuɗin makaranta suke jira.

Autan Hajiya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Saje, na tambayi matar Yaya, ta ce ba ta taɓa jin ya yi maganar canza fom ba, ke nan sunan Hajiya ne ko na kawunmu. Idan Hajiya ce, dole sai ta je da ƙafarta? Ƙafar tata ba ta kai ta ko ƙofar gida yanzu.

Tsohon Saje

Ka fara zuwa ofishin da ya yi aiki ka nemi mai kula da fayilolin ma'aikata, a duba maka sunan. Idan ita ce, ka tambayi kotu yadda za ta wakilta ka a rubuce. Ka tafi da katin shaidarta da hotunanta.