Mai son komawa kiɗan bayan fage na fim a Kaduna, ta ina zai kama?

Sabon Shiga Rigasa: Assalamu alaikum manya. Ina da kibod Yamaha PSR da laftof mai RAM 8, ina haɗa kiɗan waƙa a manhajar FL Studio. So nake in koma kiɗan bayan fage na fim, ba waƙa ba. Me zan ƙara saya, kuma wa ake gani a samu aiki a garin nan?

Mai Fiyano Kawo: Wa alaikumus salam. Kar ka sayi komai tukuna sai hedifon mai faɗin gaskiya, irin ATH-M40x, da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, idan laftof ɗin ba shi da shi. Sauran kaya aiki ne zai saya maka su.

Edita Barnawa: Wa ake gani? Mu ake gani, ƙanena. Furodusa bai cika fita neman makaɗin bayan fage ba. Edita yake ce wa "ɗan sa mana sauti mai ban tausayi a nan", edita kuma ya buɗe tsohuwar foldar da kowa ke da ita ya jawo. Shi ya sa kake jin kuka ɗaya na fiyano a finafinai goma. Ka nemi editoci biyu ko uku masu yanka fim mai dogon zango, ka roƙi fitowa uku da babu kiɗa a kansu: ta rigima, ta soyayya, ta rasuwa. Kowace kar ta wuce minti biyu. Ka yi musu kiɗa, ka mayar da bidiyon da kiɗan a jiki. Darakta ba ya sauraron MP3 tsurarsa, sai ya gani a kan fuskar jaruminsa.

Ɗan Kabala: FL ba kayan fim ba ne. Ya koma manhajar Cubase kawai a huta.

Mai Fiyano Kawo: An fara.

Ɗan Kabala: Gaskiya ce ai. Cubase na da layin bidiyo nasa, ka sa alama inda aka yanka hoto, ka ja gudun kiɗa ya faɗa daidai wurin. A FL sai ka buɗe Fruity Video Player kana lallaɓa shi.

Yaya Sauti T/Wada: Wanda hannunsa ya saba da FL ya gama kashi biyu kafin ya gano inda ake buɗe sabon layi a Cubase. In kuɗi ne matsala akwai Reaper, lasisin ƙananan masu sana'a dala 60 ne, yana ɗaukar bidiyo, kuma ba ya cin RAM. Abin da zan hana shi ɗaya ne, manhajar sata. Ranar miƙa aiki take zaɓa ta rufe kanta.

Baban Sutudiyo U/Rimi: Ku bar gardamar manhaja, ba a nan yara ke faɗuwa ba. A wajen miƙa aiki suke faɗuwa, kuma edita in ya sha wuya da fayil ɗinka sau ɗaya ba zai sake kiranka ba.

Kafin ka taɓa kibod ka tambayi edita hoto nawa fim ɗin ke gudu a daƙiƙa, 25 ne, 24 ne, ko 23.976, ka saita aikinka a kan haka. In bidiyo mai 24 ya gudu a 25, duk minti ɗaya kiɗa zai zame da daƙiƙa biyu da ɗoriya. Tsakanin 23.976 da 24 ba ka ji da farko, amma a fim na awa ɗaya ya kai daƙiƙa uku da rabi, sai a mari mutum a hoto gangarka ta buga bayan ya gama riƙe kunci. Sautin fim 48 kHz ne, 24 bit, WAV. Masu waƙa sun saba da 44.1, kuma in manhaja ta karanta 44.1 a matsayin 48 ba tare da juyawa ba, kiɗan zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta hau da wajen maɓallin kibod ɗaya da rabi.

Ka sa a buga maka lambobin lokaci a jikin bidiyon. Ku zauna da darakta ku kalli kashin tun daga farko, kana rubutawa: kiɗa na 1 ya shiga 00:02:14, ya fita 00:03:02, don me. Wannan zaman na awa ɗaya shi ke kashe "ba haka nake nufi ba" na mako guda. Kuma kar ka fara sai an ce an rufe yanka. In aka cire daƙiƙa goma a tsakiya bayan ka gama, duk abin da ke bayansa ya goce.

Lissafin gudu ba wuya. Fitowar da na ambata daƙiƙa 48 ce. Kana son gaɓa 16 mai bugu huɗu-huɗu, bugu 64 ke nan. 64 sau 60 a raba da 48, ya ba ka 80. Sa gudu a 80, kiɗan zai sauka daidai inda hoto ya yanke.

Miƙawa kuma kashi-kashi ake yi: ganguna daban, bes daban, masu tsirkiya da na shimfiɗa daban, mai jan waƙa kamar sarewa daban, sannan haɗaɗɗe guda. Duka su fara daga wuri ɗaya, tsawonsu ɗaya. In sarewa ta hau kan magana edita ya rage ta ita kaɗai, ba ya danne kiɗan gaba ɗaya ba. Minti ɗaya na irin wannan WAV kusan MB 17 ne, don haka Google Drive, ko WhatsApp a matsayin dokumen. In ka tura shi a matsayin sauti, a matse zai isa.

Edita Barnawa: Allah ya saka, Baba. A ƙara da sunan fayil. "final2 sabo gyara" ba suna ba ne. Sunan fim, kashi, lambar kiɗa, lokacin shiga.

Anti Malali: Ni daga ɓangaren masu biya nake magana. Abin da ke sa a cire kiɗan mutum shi ne ya hana a ji magana. Masu kallonmu a waya suke kallo, wasu a cikin Keke Napep. In an rasa kalma ɗaya, mu ake zagi a ƙasan bidiyo, ba makaɗi ba.

Yaya Sauti T/Wada: Haka ne Anti. Fitar harafi a muryar mutum tana zaune ne tsakanin 1 zuwa 4 kHz. Ka rage kiɗa da dB 3 ko 4 a wannan yankin duk inda ake magana, ka bar fiyano a ƙasa-ƙasa, ka jinkirta sarewa sai an yi shiru. Bes mai zurfi kuma sifikar waya ba ta fitar da shi, kana ji a sutudiyo kamar aradu, a Tecno babu komai. Saurara a waya, kuma a mono, wato ta sifika ɗaya, kafin ka tura. YouTube na rage duk abin da ya haura kusan -14 LUFS a ma'aunin ƙarfin sauti, ma'aunin talabijin na Turai kuma -23 ne, to ka tambaya ina za a nuna fim ɗin. Amma wannan ma'aunin na haɗaɗɗen sautin fim ne duka, ba na kiɗanka shi kaɗai ba. Kar ka matse shi kamar waƙar biki.

Ɗan Kabala: Mutanen Kano dai sai sun ji bes ya girgiza shago su yarda an yi aiki.

Bakano a Mando: Bazazzagi, ci gaba. Duk wanda ya iya a nan ƙarshe motar Kano yake hawa a Kawo.

Ɗan Kabala: Ya je ya karɓo kuɗi ya dawo ya kwana inda ake samun iska.

Mai Gurmi Badarawa: Tunda ana maganar saye, ni shawarata ya sayi makirufo ɗaya, SM57 ya isa, da ƙaramin katin sauti kamar Scarlett 2i2. Goge na Turawa kowa na da shi, manhajar BBC Symphony Orchestra Discover ta Spitfire kyauta ce. Abin da babu a kwamfutar kowa shi ne gurmi da kukuma da kalangu da shantu na gaske. Ka ɗauko makaɗi yini ɗaya ka biya shi, ka ɗauki gajerun jimloli a gudu uku, 70 da 90 da 110, ka yanka ka adana. Goge da kukuma ba sa zama daidai kan 440 Hz, saitin muryar kibod. Ka fara ɗaukar su, sannan ka karkato kibod ya bi su. In ka ja su da Auto-Tune, manhajar daidaita murya, sun mutu. Algaita kuma ka ja makirufo baya kamar taku biyu, in ba haka ba sai ta fasa.

Sannan a kiyaye, kalangu magana yake yi. Ka tambayi makaɗin taken wa ya buga, kar ka sa taken mahauta a ƙarƙashin ɗaurin auren 'yar malam. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a sa wa attajiri don ya fito daga jif. Inda ake karatun Alƙur'ani ko kiran salla, kiɗa ya ɗauke tun kafin a fara.

Sabon Shiga Rigasa: Na gode ƙwarai. To nawa ake cewa a kashi ɗaya?

Tsohon Hannu Kakuri: Nawa ba ita ce tambayar ba, ɗana, yaushe ce. Ga yadda ake cinye makaɗi a harkar nan, kuma kullum hanyar ɗaya ce. A ce maka "yi mana kashi na 1 mu gani, fim ɗin zango biyar ne, kai ne namu har ƙarshe". Ka yi kwana huɗu, ka haɗa taken buɗewa, na jarumi, na muguwar uwar miji, na kuka. Ka tura tsaf ba alama. A ce za a kira ka. Bayan wata biyu ka ga kashi na 9 a YouTube, takenka na ciki, edita yana yankawa yana liƙawa. Ka yi magana a ce ai an ba ka na mai. Ba ka da takarda, ba ka da saƙo, shaidarka "mun yi magana a mota".

To rabi kafin ka fara, rabi kafin ka saki WAV. Abin da za ka tura a duba bidiyo ne mai ƙaramin inganci, da murya tana faɗin sunan sutudiyonka duk daƙiƙa 20. Gyara sau biyu a cikin kuɗi, na uku da kuɗinsa, sauya yanka bayan an rufe shi ma da kuɗinsa. A rubuta ko da shafi ɗaya: kashi nawa, minti nawa na kiɗa a kowane kashi, ranar miƙawa, yadda za a rubuta sunanka a jerin ma'aikata. Sannan babbar magana, sayarwa ka yi ko haya ka bayar? In haya ce, ga wannan fim kaɗai, zango kaza. In sayarwa ce ɗungurungum, kuɗin ya ninka, don ba za ka sake taɓa kiɗan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce miƙa mallaka ko ba da izini na keɓe sai a rubuce. Kiɗa naka ne tun ranar da ka ɗauke shi, ba sai ka yi rajista ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan ranka. Amma doka ba ta bin bashi da kanta, sai ka riƙe shaida. Ajiye fayilolin aikin da kwanan watansu, ajiye saƙonni. Kuma rubuta takardar jerin kiɗa ta kowane kashi, suna da tsawo da mawallafi, ka yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓo wa makaɗa kuɗin haƙƙin mallaka, don in fim ya hau talabijin da ita ake neman haƙƙi.

Dabarar da ta fi ciyar da mutum a fim mai dogon zango ita ce a yi ciniki kan jaka guda: take biyar ko shida, kowane da siga uku, cikakke da mai sanyi da na daƙiƙa 10 na sauya fitowa. A biya jakar, sannan duk kashin da ke da babbar fitowa a biya ta daban.

Anti Malali: Malam ka yi mana kuɗin goro. Akwai makaɗan da ke karɓar rabi su kashe waya, kashi kuma ranar Juma'a ake jiransa.

Tsohon Hannu Kakuri: Shi ya sa na ce a rubuta rana, Hajiya. Takardar ta kama kowa.

Edita Barnawa: Wani abu kuma. Kar ka ɗora kiɗan fim a DistroKid, shafin rarraba kiɗa, ka kunna Content ID, na'urar YouTube mai gano kiɗan da ke da mai shi, ba ka gaya wa furodusa ba. Na'urar YouTube za ta kama kashinsa ta karkatar da kuɗin talla, kuma makon farko shi ne kasuwarsa. Haka in ka yi amfani da guntun kiɗan da kowa ke saukewa, wani na iya riga ka yi masa rajista, sai a kama fim ɗin da sunan baƙo.

Mai Fiyano Kawo: Kuma kar ya bar waƙa da jingil na rediyo da aikin biki yanzu. Su ne ke biyan haya kafin fim ya fara.

Bakano a Mando: In ana bikin finafinai na Kaduna, KADIFF, ya leƙa da aikinsa a waya. Ɗaliban makarantar fim ta Jos da na sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya kullum suna da gajeren fim da ba kiɗa.

Mai Gurmi Badarawa: Wa ke da maganin ƙugin janareto a layin makirufo?

Yaya Sauti T/Wada: 50 Hz ne da 'ya'yansa, 100 da 150. Cire cajar laftof ka ɗauka a kan batir, ko ka koma inbata lokacin ɗauka. In bai tafi ba wayar makirufo ce, sa waya irin XLR mai kyau, kar ta kwanta kusa da ta wuta.

Sabon Shiga Rigasa: RAM 8 ɗin fa, zai ɗauka?

Ɗan Kabala: In Cubase ne...

Baban Sutudiyo U/Rimi: Kai dai. Mayar da shi 16 in akwai gurbi. Kafin nan duk layin da ka gama ka juya shi WAV ka kashe kayan kiɗan, bidiyon kuma ka ce edita ya ba ka mara nauyi, 720p.