An mayar da aikina Abuja: ina ya kamata in ajiye iyalina?

Baban Sadiƙ, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka zauna da iyalinsu a Kano, Kaduna ko Abuja. An mayar da aikina Abuja, ofishinmu yana Garki. Ina da mata da yara uku, babban yana aji huɗu na firamare, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Ni Bakano ne, maiɗakina Bazazzagiya, yanzu muna haya a Hotoro. Ko dai in bar su a Kano in riƙa leƙo su ƙarshen wata, ko in kai su Kaduna in riƙa hawa jirgin ƙasa duk Juma'a, ko mu tattara mu kama haya a gefen Abuja. Albashin na ma'aikacin gwamnati ne, kun dai san yadda yake. Don Allah wanda ya ɗanɗana ya faɗa mini gaskiya.

Abu Hanif, Mararraba

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka cire ran zama cikin garin Abuja. Garki, Wuse da Maitama wuraren aikinmu ne, da yamma kowa ya kama hanyar Kubwa, Lugbe, Suleja ko nan Mararraba. Mararraba ma jihar Nasarawa ce, Suleja kuwa jihar Neja.

Ni ina idar da sallar Asuba nake fita. In na tsaya shan shayi har gari ya waye, to na shiga cunkoson Nyanya ke nan, motoci a jere har kan tudun Kugbo, masu tallan ruwan leda da gyaɗa suna wuce ka a ƙafa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ajiye motata, sai ranar Asabar nake tayar da ita. Kuma ka kiyaye, ban da shiga ƙaramar motar da ba daga tasha ta taso ba, musamman bayan Magariba, saboda 'yan wancans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

Kuɗin haya na shekara guda ake biya a dunƙule, ga na ejan, ga na lauya, ga wanda mai gida zai riƙe wai saboda ɓarna. Duk da haka ban taɓa nadamar kawo iyalina ba. Ko da na tarar yara sun yi barci, na gan su da idona, kuma in wani abu ya taso da dare ina nan.

Maman Ilham, Kaduna

Yaya Baban Sadiƙ, ni ce irin matar da kake tunanin ajiyewa a Kaduna, don haka bari in yi maka magana ta ɓangarenmu.

Maigidana ya fara wannan zirga-zirga ne bayan an buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016. Ya hau a Idu ko Kubwa da yammacin Juma'a, ya sauka Rigasa, Litinin da sassafe ya koma. Ta fuskar kuɗi babu haɗi. Abin da za mu biya na ɗaki da falo a Kubwa, shi ya kama mana gida mai tsakar gida da rijiya a Unguwar Dosa. Cefane a Kasuwar Barci ko Kawo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, makarantun boko da na Islamiyya kuma sai wanda ka zaɓa.

Amma ka tuna daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin hari a wajen Katari. Maigidana ba ya ciki, da safe ya tafi, amma har gari ya waye wayata ba ta huta ba, dangi suna tambaya ina yake. Daga ranar jirgi ya tsaya, bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. A watannin nan dole ya koma bin titi, ta Rijana da Katari ɗin, wuraren da kowa ya san labarinsu na garkuwa da mutane. Duk Juma'a in ya ce sun baro Zuba, ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar buɗe ƙofa. Wani lokaci ni da kaina nake cewa ya zauna kada ya zo. Yara suka yi ta tambaya har suka daina tambaya, wannan kuma ya fi yi mini ciwo.

Abin da maza ba sa sawa a lissafi shi ne daga Litinin zuwa Alhamis. Akwai daren da zazzaɓi ya rufe ƙaramin ɗana har ya fara shiɗewa, idonsa ya kakkafe. Na goya shi, na bar sauran biyu suna barci, na fita ba takalmi na buga ƙofar maƙwabcinmu. Bawan Allah ya fito da jallabiya, matarsa ta shiga gidana ta zauna da yaran, shi kuma ya kai mu asibiti. Allah ya saka musu da alheri. Ba ni da kowa nawa a Kaduna, maƙwabtan nan su ne dangina. Don haka in Kaduna za ka kai ta, ka fara duba mutanen layin kafin ka duba fentin gidan.

Sannan ka san yadda garin yake tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002. Kogi ya raba zama: Musulmi sun fi yawa a arewa, Tudun Wada, Kawo, Malali, Badarawa, Rigasa, Kiristoci kuma a kudu, Sabon Tasha, Narayi, Television. Ana cuɗanya a kasuwa da wurin aiki lafiya lau, amma wajen kama gida kowa ɓangarensa yake nema. Ni abin ba ya yi mini daɗi, don iyayenmu sun ba mu labarin Kadunar da ba haka take ba.

Ɗan Kwari, Kano

Malam, ka bar su inda suke. A Kano haihuwa, rashin lafiya ko rasuwa, kafin ka kira mutum ɗaya goma sun iso. Ga asibitin Malam Aminu Kano, ga makarantar da yaranka suka saba. In uwargida tana son sana'a, ta sari atamfa a Kwari ko kayan masarufi a Singa, tana cikin ɗakinta za ta sayar ta waya. Na san za a ce ruwa. Gaskiya ne, mu ma 'yan garuwa muke jira da kurarsu, kuma zafin watan Afrilu ba wasa ba ne. Amma su ma na Mararraba ruwan saye suke sha. Matsala ɗaya ita ce nisa, tafiyar ta haura kilomita 400, ba ta duk mako ba ce.

Malamin Samaru, Zariya

Na yi mamaki ba ka sa Zariya a lissafi ba, alhali ka ce maiɗakinka 'yar nan ce. Mace mai goyo wadda mijinta ba ya gari, kusa da mahaifiyarta ya fi mata ko'ina. Daga Kaduna zuwa nan kusan kilomita 80 ne, in ka sauka Rigasa ka nufi Kawo ka hau mota. Haya ta fi ta Kaduna sauƙi, ga asibitin koyarwa a Shika, kuma gari ne na karatu tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yaro a Samaru yana tasowa yana ganin ɗalibai da littattafai a hannu, hakan yana shiga ransa. Ka dai nemi gida mai rijiya ko burtsatse, kuma kada ka yi nisa can bayan gari inda gidaje suka yi ɗai-ɗai.

Baba Mai Ritaya, Kubwa

Ɗana, ina cikin waɗanda aka kwaso daga Legas lokacin da gwamnati ta dawo Abuja a watan Disambar 1991. A nan na raini 'ya'yana duka. Sun samu boko mai kyau, sun san Yarbawa da Ibo da Gbagyi a matsayin abokai, wannan riba ce babba. Amma Hausarsu ta yi rauni, in mun je gida da Sallah ba sa iya hira da kakarsu, kuma ba su san 'ya'yan ƙannena ba sai a hoto. Duk wanda zai kawo yara nan, ya sa su Islamiyya tun ranar farko, ya kuma hana Turanci a cikin gida.

Mu Allah ya taimake mu aka sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati a zamanin Obasanjo. Ku ba ku da wannan damar. Kada ka yarda a sayar maka da fili a gefen Abuja da takardar mai unguwa kaɗai. Na ga rusau tsakanin 2003 da 2007, na ga magidanta tsaye kan ɓaraguzan gidajensu da katifa a ka. In ka tara 'yan kuɗi, ka sayi fili a garinku, don ranar da za ka ajiye aiki haya ba za ta ajiye ka ba.

Baban Sadiƙ, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta wa maiɗakina duka. Da na zo kan maganar Maman Ilham sai ta yi shiru, can ta ce ita ba ta son Kaduna in ba ta san kowa ba. Zaɓinta Zariya ne zuwa a yaye yarinya, daga nan mu duba Kubwa ko Suleja mu haɗu wuri ɗaya. Maman Ilham, wanda zai wuce Zariya ran Juma'a, wane jirgi ya kamata ya hau?

Maman Ilham, Kaduna

Yaya, ka nemi izini a ofis ka hau na rana, don ka iso Rigasa da sauran haske, daga can zuwa tashar Kawo ma tafiya ce. Tikitin Juma'a yana ƙarewa da wuri, ka saya ta intanet da zarar an buɗe. Ranar da ka makara, ka kwana a Kaduna ka wuce da safe. A gaida Maman Sadiƙ da yara.