Gansakuka mai kama da gashi ta rufe duwatsun akwatin murjanina, alhali awo yana nuna babu fosfet

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kiwon murjani, wato halittun nan na teku masu rai da suke zama manne da duwatsu. Wata takwas ke nan da na kafa akwatin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 250 a gidana da ke Abuja, da kifaye biyar da murjani masu laushi guda tara. A watanni biyu na farko wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashin, daga baya ta ɓace da kanta. Amma tun daga wata na biyar wata koriyar gansakuka mai sili-sili kamar gashi ta fara tsirowa a kan duwatsu, yanzu tsawonta ya kai ɗan yatsa, har ta shiga tsakanin kawunan wani murjani da nake matuƙar so, ya yi kwana goma bai buɗe ba.

Abin da awo ya nuna shi ne: nauyin gishiri 1.025, zafin ruwa digiri 26, naitiret wajen 2, fosfet kuwa sifili (waɗannan biyun su ne sinadaran da gansakuka take ci a cikin ruwa). Fitila tana kunne awa 12 a rana. Ruwan rijiyar burtsatse nake amfani da shi bayan na tace shi da matatar ruwan sha ta gida, kuma ina ba kifayen daskararren abinci safe da yamma. Idan har babu fosfet a ruwan, to me wannan gansakuka take ci? Kuma shin in kashe fitila kwana uku kamar yadda wani ya shawarce ni?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sifilin nan da ka gani shi ne ya ruɗe ka, kuma ya ruɗi da yawanmu a farko. Awo yana nuna abin da ya rage yana yawo a cikin ruwa ne kawai, ita kuwa gansakukar da ta cika akwati tana zuƙe fosfet da zarar ya fito, saboda haka fosfet ɗinka yana nan, sai dai yana ɗaure ne a jikinta. Ƙari a kan haka, duwatsun murjani da yashinsu na farar ƙasa ne, suna riƙe fosfet a jikinsu tsawon watanni, sannan su riƙa sakinsa sannu a hankali daidai wurin da gansakukar ta kafa gindi.

Inda na fi zargi shi ne ruwanka. Matatar ruwan sha ta gida tana cire laka da wari, amma ba ta cire narkakkun sinadarai irin su fosfet da naitiret da silika. Waccan ƙurar mai ruwan ƙasa ta farko ma ƙananan halittu ne masu cin silika, wato sinadarin da ake samu a yashi. Ka tuna cewa duk ruwan da ya tashi ya bi iska yana barin abin da ke cikinsa a akwati, don haka duk lokacin da ka cike gurbinsa da ruwan burtsatse, tari kake yi a kan tari, musamman a lokacin hunturu da iska take bushe, ruwa yana raguwa da sauri. Ka nemi matatar RO/DI, wadda take cire narkakkun sinadarai, da ƙaramin ma'aunin TDS mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, kada ka zuba ruwan da bai nuna sifili ko kusa da shi ba a kan wannan ma'auni.

Sannan sai aikin hannu, wanda babu yadda za ka kauce masa. Duk mako idan za ka canza kashi goma cikin ɗari na ruwan, ka riƙe bakin tiyon zuƙe ruwa da hannu ɗaya, ka matse tushen gansakukar tsakanin babban yatsanka da bakin tiyon, ka fizge ta yadda ruwan zai tafi da ita cikin bokiti, domin idan ka bar ɓurɓushinta yana yawo, shuka ka yi a wani wurin. Duk dunƙulen da ka fitar, fosfet ne ka fitar da shi daga akwatin gaba ɗaya. Dutsen da babu murjani a kansa ka ciro shi ka goge da buroshin haƙori a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe. Ka rage fitila zuwa awa 8 ko 9, kuma ka narkar da daskararren abincin a ɗan kofi, ka zubar da ruwansa kafin ka ba kifayen. Kashe fitila kwana uku ba zai yi maka maganin wannan nau'in ba. Za ta ɗan dushe, ta dawo da zarar haske ya dawo.

Yar_Bahar_Maliya:

Malam Tsohon Hannu ya yi bayani mai gamsarwa a kan abin da gansakuka take ci, ni kuma ina so in yi magana a kan masu cin ta, domin mai tambaya bai ambaci ko ɗaya ba. Ina zaune a Jidda, kuma duk wanda ya taɓa sa gilashin ninkaya ya leƙa kan duwatsun murjani na Bahar Maliya zai ga cewa kifaye ba su daina gwaguyar dutse daga safe har yamma, har za ka ji ƙarar haƙoransu a cikin ruwa. Wannan kiwon nasu yana cikin manyan abubuwan da suke hana gansakuka rinjayar murjani a teku. A shekarar 1983 zuwa 1984 wata cuta ta kashe mafi yawan bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wato Diadema antillarum, a tekun Karibiyan, kuma bayan haka gansakuka ta mamaye duwatsun murjani da dama, musamman a Jamaika, inda dama an riga an kame kifaye masu cin ganye fiye da kima. Akwatin da babu masu kiwo a cikinsa ƙaramin misalin wannan ne.

Ga lita 250 zan fara da dodon-koɗin teku nau'in Trochus kamar guda takwas zuwa goma, saboda suna iya juyowa da kansu idan suka faɗi ta baya, sai ƴan Cerith, su ma dodon-koɗi ne, domin yashi, da bushiyar teku guda ɗaya ta nau'in Mespilia globulus, wadda aikinta ya fi girmanta, ko da yake tana da halin ɗaukar ƙananan murjani da ba a manne su ba ta yi ta yawo da su a ka. Amma ka sani, dodon-koɗi ba ya cin doguwar gansakuka, sai ka fizge ta tukuna su bi bayanka suna share sabon tsiro. Kada ka sayi kifin Zebrasoma mai cin gansakuka don wannan aiki, akwatinka ya yi masa kaɗan.

Abu ɗaya kuma: ka ciro sili guda ka shimfiɗa a farin faranti da ɗan ruwa. Idan zare ne miƙaƙƙe, shawarwarin nan sun wadatar. Idan kuwa ka ga yana da rassa kamar gashin tsuntsu, to wani nau'in gansakuka ne daban mai suna Bryopsis, masu kiwo ba su cika cin ta ba, kuma mafi yawan masu akwati da maganin fulukonazol suke yaƙarta.

Mai_Hattara:

Ɗan'uwa, ni gargaɗi zan ƙara, kuma daga abin da ya same ni ne. Shekara biyu da suka wuce ina cikin irin halinka, sai na cika jaka da garin ƙarfen nan mai zuƙe fosfet da ake kira GFO, na rage wa kifaye abinci, na yi ta canza ruwa. Cikin mako uku koriyar ta mutu, na yi murna. Sai wata majina mai ruwan ƙasa, mai ɗauke da ƙananan kumfa a kanta, ta rufe yashi da duwatsu, tana ƙaruwa da rana tana raguwa da dare. Dainofilajilet ce, wato tarin wasu ƙananan halittun ruwa, wadda take samun sarari idan naitiret da fosfet suka ƙare ƙaf. Wasu nau'o'inta suna da dafi. Na wayi gari na tarar da dodon-koɗi shida a kife a kan yashi, kuma murjanina suka koɗe, domin su ma a cikin namansu akwai ƙananan halittu masu amfani da haske da suke buƙatar waɗannan sinadarai. Wata huɗu na yi kafin na shawo kanta, da na'urar UV mai kashe ƙananan halittun ruwa da haske, da kuma ƙara abinci da gangan.

Saboda haka a nan na ɗan saɓa wa Malam Tsohon Hannu a kan wanke abinci da matsa canjin ruwa, tunda naitiret ɗinka 2 ne kacal. Gyaran ruwan da kake zubawa wajibi ne, amma idan gansakukar ta fara ja da baya ka riƙa awo sau biyu a mako, ka tsayar da fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, naitiret kuma tsakanin 5 da 10. Kuma ka tanadi batir ko ƙaramar inbata domin injin motsa ruwa, saboda idan aka ɗauke wuta da dare gansakukar ita ma iskar numfashi take sha, kifaye suna iya galabaita kafin asuba.

Sabon_Shiga:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na aro ma'aunin TDS na gwada ruwan da nake tacewa, ya nuna 64, saboda haka na dakatar da shi, kuma na yi odar matatar RO/DI. Na shimfiɗa silin a faranti kamar yadda Hajiya ta ce, zare ne miƙaƙƙe ba rassa. Jiya na fizge abin da ya cika rabin kofin shayi da dabarar tiyo, na fi mai da hankali a kewayen murjanin nan, kuma da safiyar yau kawuna uku daga cikinsa sun buɗe. Ba zan sa GFO ba tukuna. Tambayar da ta rage mini, Hajiya, ita ce ko in zuba dodon-koɗin gaba ɗaya a rana guda, ko kuwa in fara da huɗu in ga yadda za su jure ruwan kafin matatar ta iso.