Ƙanena ya tsani kansa saboda sunan da aka laƙaba masa

Yayar Gida: Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 15 a makarantar kwana, wanda abokan karatunsa suka laƙaba wa suna ɗan daudu saboda muryarsa siririya ce kuma ya fi son girki a kan ƙwallo. Da ya dawo hutu na ga ya rame, ya daina fita, har ya lulluɓe madubin ɗakinsa da zane. Da na lallashe shi, sai ya ce shi kansa bai gane abin da yake ji game da maza da mata ba, kuma gara ya mutu da a ce Baba ya ji. Mene ne abin yi?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar mutuwar ita ce ta gaggawa. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa shirin cutar da kansa, ki kawar da fiya-fiya da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, sannan ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko a na Barnawa da ke Kaduna. Damuwar za a yi wa magani, domin tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa matasan da iyalansu suka juya wa baya sosai a kan wannan sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu.

Malamin Sakandare: Hajiya, murya da tafiya ba sa nuna komai, kuma ruɗewa a wannan shekaru ba baƙon abu ba ne. Ki kai ƙarar tsokanar ga shugaban makaranta, amma ki rufa asirin abin da ya faɗa miki, domin ga dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya a Najeriya, ga kuma bakin mutane. Kada kuma a yarda a kai shi gidan mari. Mun ga halin da aka samu yaran wani gidan mari na Rigasa da ke Kaduna a 2019.

Kawu: 'Yata, ban ce a ajiye addini gefe ba, amma yaron bai aikata komai ba, tsoro ne yake cinsa. In za a nemo malami, a nemo mai taushin harshe.

Yayar Gida: Na gode. Litinin zan kai shi asibiti, kuma zan roƙi Mama a canza masa makaranta.