eFootball ya ƙi gama sauka a Steam, kullum sai ya tsaya da "Disk write error"

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan girka wasan ƙwallon ƙafa na eFootball ta Steam, manhajar sauke wasanni a kwamfuta. Laftof ce mai Core i5, RAM 8GB, katin hoto GTX 1050, Windows 10 mai 64-bit. SSD ɗin ciki 256GB ne, 31GB kawai ya rage a ciki, shi ya sa na buɗe wa Steam wurin ajiya a had-dis na waje mai 500GB, wanda yake fitowa da harafin E. Saukewa tana tafiya lafiya lau, can sai ta tsaya ta rubuta "Disk write error". In na danna ci gaba, wani lokaci ta motsa, wani lokaci ta ɗan koma baya. Yanzu tana wajen kashi 60. An ce mini matsalar netwok ce, in goge komai in sake daga farko da wani layi. Da datar dare nake saukewa, ba na son abin da ya riga ya sauka ya tafi a banza. Daga ina zan fara?

Injiniyan Barnawa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge komai tukuna. Wanda ya ce netwok ne bai karanta saƙon ba. Wannan saƙo yana nufin kayan sun iso kwamfutarka, amma Steam ya kasa rubuta su a kan faifan. Da netwok ne, wani saƙon daban za ka gani, irin "Content servers unreachable". Ko ka canja layi sau goma, a wurin nan zai sake tsayawa.

Yadda Steam yake aiki shi ne, yana fara zuba abin da yake saukewa a foldar steamapps\downloading, cikin wata ƙaramar folda mai lambar wasan. Lambar eFootball ita ce 1665460. Sai ya gama sannan ya mayar da kayan cikin steamapps\common. Matuƙar wannan folda mai lamba tana nan, kashi 60 ɗinka yana nan.

Fara da karanta abin da Steam ya rubuta da kansa. Shiga C:\Program Files (x86)\Steam\logs ka buɗe content_log.txt da Notepad, ka gangara can ƙasa. Nemi layukan da ke da kalmar failed ko error a daidai lokacin da saukewar ta tsaya. Yawanci za ka ga cikakken sunan fayil ɗin da ya gagara rubutuwa. Lura da kyau: fayil ɗaya ne yake ta maimaituwa, ko kowane lokaci wani daban ne? In ɗaya ne, ko dai shi ne ya lalace, ko kuma manhajar tsaro ce take riƙe shi. In kuwa yau wannan gobe wancan, faifan ne ko hanyar da ya bi ya haɗu da kwamfutar.

Sai tsarin faifan. A This PC, danna-dama a kan E, ka zaɓi Properties, ka duba File system. Idan FAT32 ne, ga matsalar nan a fili, domin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, manyan wasannin yanzu kuwa suna da irin waɗannan fayiloli. Ana iya mayar da shi NTFS ba tare da fomatin ba: buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ka rubuta convert E: /fs:ntfs. Wannan umarni ba ya aiki a kan exFAT, kuma ba ya komawa baya, don haka ka kwashe muhimman takardunka kafin ka fara.

Na uku, Windows Security. Shiga Virus & threat protection, ka buɗe Protection history, ka ga ko ya kama wani abu daga foldar Steam. Duba kuma Controlled folder access a ƙarƙashin Ransomware protection, domin in yana kunne yakan hana manhaja rubutu a wasu foldoji ba tare da ya yi wata hayaniya ba. In Controlled folder access ne, saka Steam a Allow an app through Controlled folder access; in kuwa wani fayil aka kama a Protection history, saka foldar SteamLibrary a Exclusions ya wadatar. Ban yarda da kashe tsaron gaba ɗaya ba, musamman a kwamfutar da ake yawan soka mata filash ɗin mutane.

In duk waɗannan sun fita lafiya, je Settings na Steam, Storage, zaɓi faifan E, danna ɗigo ukun nan, ka yi Repair Library. Daga nan ka iya gwada Clear Download Cache a sashen Downloads.

Malam Tudun Wada:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ni ba zan bari ka taɓa Clear Download Cache yanzu ba. Yana fitar da kai daga asusunka, kuma yana iya sa abin da bai gama sauka ba ya koma farko. Ga mai lissafin data, wannan sai in hanya ta ƙare.

Abin da na fi zargi shi ne had-dis ɗin da kansa, ko kebul ɗinsa. Hanya biyu za ka bi ka tabbatar, duka kyauta.

Ta farko, CrystalDiskInfo. Ƙaramar manhaja ce, ba ta cin data. Zaɓi faifan waje ka duba Health Status. Good da shuɗi lafiya ke nan, Caution da ruwan ɗorawa kuwa faifan ya fara gajiya. Kada ka tsaya a nan, duba layuka uku a ƙasa: 05 Reallocated Sectors Count, C5 Current Pending Sector Count, da C6 Uncorrectable Sector Count. Abin dubawa shi ne ginshiƙin Raw Values na can gefen dama. Sifili ake so. In C5 ko C6 ya wuce sifili, akwai gurbin da faifan ya kasa karantawa, kuma irin wannan faifai ba wurin ajiye wasa ba ne, balle hotunan iyali. Had-dis na hannu da yawa haka suke zuwa, jiki fes, ciki ya sha wuya.

Ta biyu, Event Viewer. Danna Windows da R, rubuta eventvwr, shiga Windows Logs, sannan System. Yi Filter Current Log ka saka lambobi 7, 51, 153, 157. Lamba 7 tana nufin akwai lalataccen gurbi a faifan. 153 tana nufin Windows ya aika aiki bai samu amsa ba sai da ya maimaita. 157 kuwa tana cewa faifan ya ɓace kwatsam kamar an fizge shi. Gwada lokutan da ke nan da lokutan da ke cikin content_log.txt, ka kawo mana abin da ka gani.

Ɗan Kawo:

Na gode Injiniya, na gode Malam. Faifan NTFS ne, akwai sarari fiye da 300GB. Protection history babu komai. CrystalDiskInfo ya ce Good, layukan uku duk sifili. Fayilolin da ke cikin log ɗin daban-daban ne. Amma 157 ta fito da yawa, kuma lokutan sun yi daidai da tsayawar Steam. Wasu daga ciki lokacin da aka ɗauke wuta ne laftof ta koma kan batir. Had-dis ɗin yana haɗe ne ta wani ƙaramin hob na USB mai rami huɗu, tare da maus da wayar da nake ba da hotspot da ita.

Malam Tudun Wada:

To, an zo wurin. Faifanka lafiya yake, wuta ce ba ta isarsa. Had-dis mai inci 2.5 ba shi da caja tasa, daga ramin USB yake shan wutar da zai juya injinsa. Ramin USB 2.0 yana ba da 500mA ne a ƙa'ida, na USB 3.0 kuma 900mA. Hob ɗin da ba shi da tasa wutar, abin da rami ɗaya ya bayar shi yake rabawa. Ka haɗa masa wayar da take jan caji, me zai rage wa faifan? Da an ɗauke wuta laftof ta koma tsarin tattalin batir, sai faifan ya yanke na ɗan lokaci ya dawo. Kai ba za ka lura ba, amma Steam yana tsakiyar rubutu.

Cire hob ɗin daga lissafi. Soka faifan kai tsaye a ramin USB 3.0 na jikin laftof, wanda cikinsa shuɗi ne ko aka rubuta SS a gefensa. Wayar ta koma kan cajarta, ka haɗa ta da laftof ta Wi-Fi. Kebul ya zama gajere, kuma ka girgiza kansa a hankali: in ka ji ƙarar nan ta cirewa da sakawa, kebul ɗin ya saki, sai sabo. Kan Micro-B mai faɗin nan da ke jikin irin waɗannan faifai yana saurin sakin jiki.

Sai saitin Windows. Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings. A USB settings, mayar da USB selective suspend setting zuwa Disabled, na batir da na caja duka. A Hard disk, mayar da Turn off hard disk after zuwa 0. Sannan ka shiga Device Manager, Universal Serial Bus controllers, ka buɗe kowane USB Root Hub, a Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin wuta. A nan Device Manager ɗin, ƙarƙashin Disk drives, ka bar Policies na faifan a kan Quick removal. Better performance yana tara rubutu a RAM kafin ya zuba, kuma a yanayin wutarmu hakan neman magana ne.

Tunda ya sha yankewa ana tsakiyar rubutu, gyara tsarin fayilolinsa. Rufe Steam gaba ɗaya ta Exit, ba danna X kawai ba, ka rubuta chkdsk E: /f a Command Prompt na administrator. Bar /r ɗin nan da ake yawan ba da shawara: yana karanta kowane gurbi ne, a faifan 500GB ta USB zai ci awoyi, kuma sakamakonka bai nuna buƙatarsa ba. Bayan nan ka leƙa foldar 1665460, in akwai fayil ɗin da log ya ambata kuma girmansa 0KB, goge shi kaɗai. Buɗe Steam ka ci gaba. Zai binciki abin da yake da shi, ya sauke abin da ya ɓata kawai.

Ƙarin abu ɗaya da ke rikita mutane: faifan da ya yanke yakan dawo da wani harafi, yau E gobe F, sai Steam ya ce wasan ba ya nan. Shiga Disk Management, danna-dama a kan faifan, Change Drive Letter and Paths, ka tabbatar masa da E ɗin, kuma ka riƙa soka shi kafin kowane filash.

Injiniyan Barnawa:

Na yarda da Malam a kan cache ɗin, a bar shi. Amma ƙanina, ko ya gama sauka, ban so wasan ya zauna a faifan waje ba. Ka juya lissafin: bidiyo da hotuna su koma waje, wasa ya dawo SSD. Bidiyo ba ya damuwa da jinkirin faifai, wasa kuwa kowane shiga fili sai ya karanta. Shafin wasan a Steam ya nemi 50GB, kana da 31GB. Kwashe Downloads da Videos zuwa E, ka buɗe Disk Cleanup, ka danna Clean up system files, ka zaɓi Windows Update Cleanup da Previous Windows installation in akwai shi. Umarnin powercfg /h off zai goge hiberfil.sys ya ƙara maka 'yan GB, sai dai ka rasa Hibernate. Ka nemi sarari ya kai 65GB ko 70GB, domin sabuntawa tana buƙatar wurin juyawa, kuma SSD da ya cika maƙil yana yin nauyi. Idan wasan ya kammala, je Settings na Steam, Storage, ka yi masa alama, ka danna Move zuwa C. Babu datar da za ta tafi.

Hajiyar Malali:

Bari in ƙara ta fuskar data, tunda ita ce damuwarka. Ba dole ne ragowar kashi 40 ya fito daga intanet ba. eFootball kyauta ne a Steam, don haka duk wanda yake da shi a unguwarku zai iya ba ka kayan ta halas.

Tun 2023 Steam yake da Game File Transfer over Local Network a sashen Downloads. Ku haɗa kwamfutocin biyu a Wi-Fi ɗaya, ko da kebul ɗin LAN wanda ya fi sauri, ku zama abokai a Steam, kowa ya saita zaɓin a kan Steam Friends. Nasa wasan ya kasance ya gama sabuntawa kuma ba a buɗe yake ba. Da ka danna saukewa, Steam zai jawo kayan daga kwamfutarsa. Ana buƙatar intanet kaɗan don shiga asusu.

Ko kuma a kwafo da hannu: foldar wasan da ke cikin steamapps\common tare da fayil ɗin appmanifest_1665460.acf da ke cikin steamapps. Ka rufe Steam, ka ajiye kowanne a irin wurinsa a naka, ka buɗe, sannan Properties, Installed Files, Verify integrity of game files. Wannan hanya ta ba ka damar zuba shi kai tsaye a C in ka riga ka share wuri. Da had-dis ɗinka za ka kwafo, ba filash ba. Filash da yawa FAT32 suke zuwa, ga kuma na jabu a kasuwa da aka rubuta wa 128GB alhali cikinsu bai kai haka ba: kwafi zai nuna ya kammala, fayilolin kuwa sun lalace. H2testw yana tona asirin irinsu, yana cika filash ɗin da rubutu sannan ya sake karantawa.

Idan ya girku amma ya ƙi buɗewa da saƙon VCRUNTIME140.dll, MSVCP140.dll ko 0xc000007b, wannan wata matsala ce daban. Kada ka sauke dll ɗaya-ɗaya daga shafukan da ke rabawa, ta nan ƙwayar cuta take shiga. Girka Visual C++ Redistributable 2015-2022 daga Microsoft, x64 da x86 duka biyun, ko ka duba steamapps\common\Steamworks Shared\_CommonRedist, sau da yawa suna nan. Sannan a Settings na Windows, System, Display, Graphics settings, ka saka wasan a kan High performance, in ba haka ba laftof tana iya tafiyar da shi da katin Intel na ciki ta bar GTX 1050 yana zaune. Ka kuma buga da caja a jiki, a kan tebur ba katifa ba, ka hure ƙurar hunturu daga fankar kafin zafin Maris ya shigo.