Neman shawara: ƙaramin layin dogo da zan kai baje koli

Aminu Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kano yadda take a zamanin dalar gyaɗa, don baje kolin makarantarmu a watan Disamba. Ma'aunin HO ne, wato 1:87 (an rage girman komai sau 87), a kan filawud mai ƙafa 8 da 4. A ɗakina jirgin na tafiya sumul, amma ina fargabar ɗaukarsa zuwa wurin, ga kuma ƙurar hunturu. Don Allah a ba ni shawara.

Kabiru Kafinta:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, faifan nan ba zai shiga adaidaita sahu ba, in kuma aka ɗaure shi a saman mota sai ya lanƙwashe, dogon ya goce. Ka raba shi gida biyu, ka sa firam na katako a ƙarƙashin kowanne, ka haɗe su da noti. 'Yan Katako a Na'ibawa za su yanka maka daidai.

Injiniya Hadiza:
Ƙura ce za ta fi ba ka wahala, Malam Aminu. Injin daga kan dogon yake jan wuta, don haka ko ɗan dattin da ido bai gani sai ya tsayar da shi. Ka riƙa goge dogon da tayoyin da tsumma mai ɗan sifirit, kada ka sa sanfefa, tana kankare ƙarfen ƙura ta ƙara maƙalewa. A mahaɗar faifan biyu ka ja waya ta ƙasa, kada ka dogara da haɗin dogon kaɗai. Idan jirgin na amfani da wutar DC, wato irin ta batir, mai bolt 12, ka tafi da batir saboda ɗaukewar wuta.

Baba Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin reluwe:
Ɗana, ka faranta min rai. Layin ya iso Kano daga Baro, da ke jihar Neja ta yanzu, a 1911, kuma shi ya ɗaga cinikin gyaɗa. Ka rubuta wannan a kwali. Amma ka sani dogonmu siriri ne, ƙafa 3 da inci 6, naka na HO kuwa na faffaɗan layi ne. Masu sani za su tambaye ka. Dalar ma a kusa da layin ake tara ta, buhu kan buhu, don sauƙin lodi.

Aminu Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, buhunan da me zan yi su?

Baba Ɗanjuma:
Da yumɓu, kamar ƙwayar wake, ka shafa musu ruwan ƙasa. Kuma ka ja igiya gaban teburin, yaran makaranta sai sun taɓa.