Zaɓen masu kawo wa masana'anta kaya: abin da aka tsayar da inda aka rabu

Na tattara abin da aka faɗa ne kawai a wata tattaunawa kan yadda masana'anta za ta zaɓi masu kawo mata kaya.

1. Kusan kowa ya yarda kada a rataya a kan mai kawo kaya guda. An tuno jirgin ruwan dakon kaya mai suna Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a Maris 2021.

2. Dillalai biyu ma ba kariya ba ne idan wuri ɗaya suke sarowa. A tambayi kowanne: kai wa ke kawo maka? A ganina wannan ya fi komai nauyi, ga shi ba a cika yi ba.

3. Takardar ISO 14001 tana nuna mai kawo kaya yana da tsarin kula da muhalli, amma an ce a je a gani da ido: ina gurɓataccen ruwa ke kwarara, ƙofar gudun gobara a buɗe take ko da kwaɗo? Wani ya ambaci ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza a Bangaladash da ya rufta a 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu.

An rabu kan tara kaya a sito. Wasu sun ce kuɗi ne aka kwantar, wasu sun ce gara haka da inji ya tsaya.